Ɗigon Jini a Hanyar Isa

Mun tashi daga Sakkwato da asuba, liman na sallamewa direba na matsa mana hon a ƙofar masallaci. Mu huɗu ne a motar. Akwai direban, akwai wata Hajiya ungozoma da ta yi ritaya amma hannunta bai yi ba, akwai mai gwajin jini, Bayarabe haifaffen Sakkwato wanda Hausarsa ta fi tawa gishiri, sai ni. Ni ba likita ba ne, malamin firamare ne. Aikina a irin wannan tafiya shi ne in zauna da maza in lallashe su su bar matansu su je awon ciki a gwada jininsu. A bayan mota akwai kula biyu, ɗaya ta kayan gwaji, ɗaya ta allurai. Hajiya ta lulluɓe su da tsohon zanenta, tana waiwayensu duk sa'ad da muka faɗa rami.

Ga wanda bai san abin da ke kai mu ba, ga shi a taƙaice. Akwai cututtukan da ke kwanciya a jinin mai ciki ba ta san da su ba, irin su tunjere da ciwon hanta da ƙanjamau. Uwa na daka, tana ɗaukar ruwa, lafiya lau a ido, sai a haifi jariri babu rai, ko ya zo ya yi 'yan kwanaki ya koma. Ana gano su da ɗigon jini ɗaya daga yatsa, kafin shayi ya huce sakamako ya fito. Tunjere kuwa allura ce maganinsa, in an yi ta da wuri ɗan cikin ya tsira. Ni da matata mun binne jarirai biyu kafin a gwada mu. Bayan an yi mana magani Allah Ya ba mu 'ya, yanzu tana aji biyu. Wannan labarin nake bayarwa a duk inda na zauna da maza, kuma iya nan nake tsayawa.

Mun wuce Achida gari bai gama wayewa ba. A Goronyo muka tsaya karin kumallo, ƙosai mai zafi da kunun tsamiya, ga warin albasa da tafarnuwa ya cika tasha ko da ba lokacinsu ba ne. Mai ƙosan ta ƙirga mana guda-guda kamar tana ba da 'ya'yanta aure, mai gwajin jini ya ce ƙosan bana sai an sa tabarau ake ganinsa. Ta ce ya je ya tambayi mai wake. Nan ne dariyarmu ta ƙarshe ta safiyar, don muna fita Goronyo direba ya kashe rediyo, ya ce kowa ya riƙe addu'arsa.

Ƙarshen damina ne, gero ya yi kai, ya fi mutum tsawo. Da can wannan abin murna ne ga matafiyi. Yanzu kana kallon gona kana tunanin abin da za ta iya ɓoyewa. Na lura gonakin da ke jikin gari ne kawai aka noma sosai. Da an ɗan yi nisa sai ciyawa da sabara, ga kunyoyin bara nan ba wanda ya taɓa su. Direba ba ya rage gudu don rami, ya ce gara a karya ƙafar mota da a tsaya inda bai kamata ba. Mun wuce shingen sojoji da na 'yan banga ban san adadinsu ba. A kowanne sai an buɗe kula, sai Hajiya ta yi faɗa a rufe mata kaya kada zafi ya shiga. A Unguwar Lalle muka ƙara mai na kwalba. Da direba ya ji kuɗin sai ya tambayi mai man ko da zuma aka haɗa.

Hantsi ya ɗaga muka shiga Sabon Birni. Garin cike yake fiye da yadda na san shi, don mutanen ƙauyuka da yawa sun taso sun dawo ciki, wasu a gidajen dangi, wasu a kangaye. Babura kamar ƙudan zuma. A bakin kasuwa ga masu canjin sefa, ga dogon burodin nan na Maraɗi, ga taliya da sabulun Nijar an jibge. Muka sauka a wani ƙaramin asibiti inda ma'aikacin lafiyar wurin ya riga ya yi mana shela. Mun zaci za mu tarar da mata layi ɗaya. Muka tarar da su har bayan katanga, wasu zaune kan dutse, wasu sun shimfiɗa mayafi a inuwar dogon yaro.

Hajiya da mai gwajin jini suka shiga ciki, ni kuma aka kai ni rumfar da maza ke zama a gefen masallaci. Ban daɗe da farawa ba wani dattijo mai zanen Gobirawa har kunne ya katse ni.

"Malam, jinin ga da kuka ɗiba, ina kuka kai shi?"

Na aika aka kira mai gwajin jini ya zo da abin gwajin guda ɗaya, ɗan farin roba bai kai yatsa biyu ba. Ya nuna musu inda ake ɗiga jinin, da inda layi ke fitowa, ɗaya in babu komai, biyu in akwai. Da dattijon ya ji ɗan Yarbawa ne sai fuskarsa ta washe. Ya ce ashe bawansu ne ya zo, to bawa ba ya cutar ubangijinsa. Mai gwajin ya ce shi dai ya san wanda ya zo yi wa wani allura shi ne babba. Rumfa ta kwashe da dariya, wasan Gobirawa da Yarbawa ya yi mana rabin aikin. Wani kuma ya ce rai da mutuwa na Allah ne. Na ce haka ne, ruwan sama ma na Allah ne, amma ban ga wanda ya bar irinsa a rumbu saboda haka ba.

Kafin la'asar kayan gwajin da muka zo da su sun ƙare ƙaf. Wasu kaɗan daga cikin matan an ga layi biyu, Hajiya ta yi musu allurar farko a ɗaki ba tare da kowa ya sani ba, ta bar wa ma'aikacin lafiya sauran alluransu. Ragowar matan da ba a kai gare su ba aka ba su haƙuri. Wata ta tsaya tana kallon kular da babu komai a ciki, ta gyara goyonta, ta tafi. Wannan kallon ya hana ni jin daɗin tuwon dawa da miyar kukar da aka kawo mana, duk da man shanun da aka zuba ba rowa. Sauran kayan gwajinmu kwali ɗaya ne, an riga an aika da shi Isa tun makon da ya wuce. A Sabon Birni muka kwana.

Da safe muna ɗaura kaya sai ga babur ya tsaya a gabanmu, laka har gwiwar mai tuƙin. A bayansa mace ce da ciki ya fito sosai, ta riƙe ƙarfen baya da hannu biyu. Za ni kira shi Nomau, ita kuma Kulu, ba sunayensu ke nan ba. Daga wani ƙauye suke a bayan Unguwar Lalle. Shi manomi ne, yana kabu-kabu da babur in aikin gona ya yi sauƙi. Labarinmu bai kai musu ba sai jiya da yamma, a bakin wata maƙwabciya. Hajiya ta ce masa kaya sun ƙare, sai dai a Isa. Ya sauke kai, ya ce wannan ne ciki na huɗu. Na farko ya zube, na biyu an haife shi babu rai, na uku ya kwana biyar. A garinsu an fara kiran matarsa mai wabi, wato wadda 'ya'yanta ba sa zama. Ya sayar da akuya ya yi rubutu, ya yi turare, ya yi sadaka.

"In akwai shi Isa, mu tahi Isa," in ji shi. "In Maraɗi ne ma za ni."

Hajiya ta dubi cikin, ta dubi babur ɗin, ta ce ba za ta bar mai wata shida ta sha wannan hanya a kan ƙarfe ba. Aka matsa wa Kulu wuri a baya tsakaninta da kula, na ce wa Nomau ya biyo mu da babur. Direba bai so ba. Ya ce hanyar Isa ba a yi mata jerin gwano, kuma shi ba zai tsaya jiran kowa ba. Nomau ya ce kada a jira shi, shi da hanyar sun san juna.

Tun da muka fita gari wuyana bai huta ba. Ina gaba kusa da direba, amma idona na kan madubin gefe, inda nake hango Nomau ƙarami, rigarsa ta cika da iska, yana kauce wa ramukan da ruwa ya kwanta a ciki. Hanyar shiru. Sai ka yi tafiya mai tsawo ba ka gamu da mota ba, in kun gamu kuwa direbobin sai su ɗaga wa juna hannu, alamar bayana lafiya. Mun wuce wani ƙauye da babu hayaƙi ko ɗaya a cikinsa, ƙofofi a buɗe, kabewa ta haye dangogi ta yi 'ya'ya ba mai tsinka. Hajiya ta miƙa wa Kulu dabino, ta karɓa ta riƙe a hannu ba ta ci ba.

Muna cikin wani wuri da gero ya matse hanya dama da hagu na duba madubi ban ga babur ba. Na jira mu wuce kwana, na sake dubawa. Babu. Na ce wa direba ya rage gudu. Ya ce, "Nan? Malam, ko uwata ce a baya ba ni tsayawa nan." Ban ji haushinsa ba, gaskiya ya faɗa, rayuka biyar ne a hannunsa, shida da na cikin. Na waiwaya na ga Kulu ta juya gaba ɗaya tana kallon gilashin baya, leɓunanta na motsi. Na ciro waya, babu sabis ko ɗigo, kuma ko da akwai ban karɓi lambar Nomau ba. Ni ne na ce masa ya biyo mu. Abin da ke ta yawo a kaina ke nan har muka hango rufin kwanon Gatawa.

A Gatawa muka tsaya kusa da shingen jami'an tsaro. Garin ya sha wuya a shekarun nan, ana gani a bangaye, amma mutane na nan suna harkarsu. Wata tsohuwa na gasa masara a bakin hanya, muka saya don dai mu sami abin yi da hannuwanmu. Na kasa zama. In je bakin kwalta in leƙa, in dawo, in sake komawa. Direba na duba agogo yana cewa in rana ta take ba zai ƙarasa Isa ba. Kulu ta fito daga mota ta tsaya a rana, Hajiya ta yi ta yi da ita ta shiga inuwa ta ƙi. Ban san tsawon lokacin ba, a wurina ya kai yini. Can sai ga ƙarar babur, sai ga Nomau ya ɓullo, hannuwansa baƙi ƙirin da man inji. Sarƙar babur ce ta zame, ya ja shi cikin gero ya gyara.

"Na ce kada a jira ni," ya faɗa yana murmushi.

Kulu ta dube shi sama da ƙasa. Ta koma mota ta zauna, sai a lokacin ta ci dabinon nan.

Mun shiga Isa kafin azahar. A asibitin da aka ajiye mana kwalin, nan ma mata sun taru, amma Hajiya ta ce baƙuwarta za a fara yi wa. Ni na tafi wurin maza kamar kullum, a wata rumfar mai shayi da ke kallon ƙofar asibitin. Ina tsakiyar bayani na ga Nomau ya fito da sauri, fuskarsa a murtuke. Ya nufi babur ɗinsa, ya hau, ya fara buga kik. Hajiya ta leƙo daga ƙofa ta yafuto ni. A gurguje ta gaya mini an ga layi biyu na tunjere. Ta faɗa wa Kulu, Kulu ta yarda a kira mijin. Da aka ce masa ciwon na bin saduwa ne, kuma shi ma sai an gwada shi an yi masa allura, in ba haka ba zai sake mayar mata, sai ya miƙe. Ya ce a fito masa da matarsa su tafi, ba a yi mata allurar ba tukuna.

Allah Ya taimake ni babur ɗin ya ƙi tashi. Na isa na dafa kansa.

"Malam, sake man babur," ya ce. "Na ɗauko matata tun daga gida, na biyo ku cikin daji, don a ce man mi? Ko ita 'yar banza ce, ko ni ɗan banza ne. Wanne kuka so in ɗauka in kai gida?"

Na ce babu wanda ya ce haka. Na fara yi masa irin bayanin da na saba, cewa ciwo ne kamar kowane ciwo, yana iya daɗewa a jiki shekaru. Na kawo labarin jariraina biyu. Ya dube ni ido cikin ido.

"Kai taka matar ce ke da shi. Ni tawa ɗiyar malamai ce, tun tana ƙarama na san ta."

Shekara da shekaru ina ba da labarin nan, ban taɓa cewa matata ce ke da shi ba, amma ban taɓa cewa ba ita ba ce. Ina barin masu saurare su cike gurbin da kansu, kuma na san da abin da suke cikewa. Na ce masa ya sauko mu koma gefe. Muka tsaya a bayan katanga inda babu kowa, na gaya masa abin da ban taɓa gaya wa wani namiji ba. Shekarar da za a yi mini aure na je ci-rani kudu, na yi wauta irin ta ƙuruciya. Wani ƙurji ya fito mini, ba ya zafi, na sha jiƙo ya ɓace, na ɗauka shi ke nan. Ni na kawo wa matata ciwon. Ita ta ɗauki ciki biyu ta haihu ta binne, ita dangina suka kira mai wabi, har mahaifiyata ta daina cin abincin hannunta na wani lokaci. Ni kuwa ina tsaye ana yi mini jaje.

Nomau ya ce, "Faɗi dai kake don in yarda."

Na ja hannunsa muka shiga wurin mai gwajin jini. Na miƙa yatsana na ce a gwada ni a gabansa. Mai gwajin ya dube ni, ya dubi kwalin da ya san ba zai ishi matan da ke waje ba. Hajiya ta ce, "Yi masa." Ya soke ni, ya ɗiga jinin, muka zuba wa ɗan robar ido mu huɗu. Irin wannan gwajin, wanda ya taɓa yin ciwon ko ya warke yakan ci gaba da nuna alama, kamar tabon da miki ya bari. Na san abin da zai fito. Layi na farko ya fito. Na biyu ya biyo shi a hankali. Abokan tafiyata, da muka yi shekara biyu muna yawo tare, ba wanda ya ɗaga kai ya dube ni, kuma na gode musu.

Nomau ya daɗe yana kallon abin. Ya goge hannunsa mai baƙin mai a jikin riga, ya goge, ya sake gogewa, sannan ya miƙa yatsa. Nasa ma biyu ne. Bai tambayi kowa daga ina ba, mu ma ba mu tambaye shi ba. Ya ce da Hajiya, murya ƙasa-ƙasa, "A fara yi mata." Aka yi wa Kulu, aka yi masa. Allurar nan tana da zafi, na san ta, mai kauri ce kamar kunu. Ya fito yana ɗingishi, ya ce da ya san haka take da ya bar ta sai ya kai gida, don yanzu da me zai zauna a kan babur? Hajiya ta rubuta musu kati, ta ce saura biyu, mako-mako, a wurin ma'aikacin lafiyar Sabon Birni da ya fi kusa da su. Ta kuma ja kunnensu a kan haihuwa a asibiti don a duba jaririn. Ba ta yi musu alkawarin komai ba. Ta ce an zo da sauran lokaci, sauran na Allah ne.

Da za su tafi na ga Nomau ya tsaya wurin mai fura, ya sa an dama da nono mai yawa, ya kawo wa Kulu da hannunsa, ya tsuguna a gabanta har ta shanye. Ban ji abin da ya ce mata ba. Na dai ga ta ja mayafi ta rufe fuska. Sun bi ayarin motocin kasuwa da ke komawa Sabon Birni tun rana na sama, ita a gaban wata mota, shi a baya da babur, ya karkata gefe ɗaya.

Mu kuma muka ci gaba da aiki har kwalin ya ƙare, nan ma da sauran mata a layi. Ɗaya daga cikinsu da ta samu da ban miƙa yatsana ba. Na san da haka, kuma har yanzu ban gama sasanta shi da zuciyata ba. Hajiya ta rubuta sunayen waɗanda suka rage, ta ce su za a fara yi wa in mun komo. Muka ci shinkafa da wake da mai da yaji a tsaye, muka kwana a Isa. Washegari direba ya ce ko za a ba shi motar kyauta ba zai bi gajeriyar hanya ta dajin Gundumi ba, don haka muka sake zagayowa ta Gatawa da Sabon Birni da Goronyo. Hanyar ba ta canza ba, tsoron ma haka, sai dai wannan karon ba ni da wanda nake nema a madubi, na rasa inda za ni sa idona.

Mun shigo Sakkwato bayan la'asar. Na tarar da matata na tsince shinkafa a tsakar gida, 'yarmu ta tafi Islamiyya. Ko wanka ban yi ba na zauna na ba ta labarin duka, har da abin da na faɗa a bayan katanga. Na ce ina so in rubuta shi yadda yake don masu bibiyata a intanet, in ta yarda, tunda sirrin namu ne mu biyu. Ta ci gaba da tsintar shinkafarta har na zaci ba ta ji ba. Can ta ce, "Rubuta. Amma kafin mutanen waya su ji, tafi ka faɗa wa Inna."

Na mayar da takalmana na tafi. Gidan mahaifiyata ba nisa, amma sau biyu ina tsayawa a hanya kamar mai gyaran igiyar takalmi, alhali silifa ne a ƙafata. Na same ta a kan tabarma tana jan carbi. Na faɗa mata ba tare da kwana-kwana ba. Ta ajiye carbin. Sannan ta tambaye ni, "Ita ta sani tun lokacin?" Na ce ta sani. Ta ce, "Kuma ba ta taɓa buɗe baki ba." Ta miƙe da ƙyar, ta ɗauki mayafinta, ta ce in wuce gaba. Tare muka dawo gidana. Suka shiga ɗaki su biyu suka turo ƙofa, ni na zauna a waje kan turmi. Abin da suka faɗa wa juna nasu ne, ban tambaya ba. Na dai san Inna ba ta tafi ba sai da shinkafar nan ta dahu, ta ci, ta nemi ƙari.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai yawa ba ne, amma ya zauna. Matan Gobir ba sa gudun gwaji, su suka fi mu sammako, kayan ne ba sa isa. Wanda ke da hanyar da zai sa a ajiye abin gwajin nan da allurarsa a kowane ɗakin awon ciki, ba sai an jira baƙi daga birni ba, ya yi don Allah. Mu maza kuma, ba izini kawai ake nema a wurinmu ba, yatsanmu ake nema. Na yi shekaru ina gaya wa maza su bar mata su je, ban taɓa ce musu su bi su su zauna a kan bencin ba, don ni ma ina ɓoye nawa.

Jiya ma'aikacin lafiyar Sabon Birni ya hau tudu ya sami sabis ya kira ni. Ya ce Nomau da Kulu sun zo allura ta biyu tun kafin ya buɗe ƙofa. Ya ce bayan an gama Nomau ya ja shi gefe ya tambaye shi yaushe masu gwaji za su komo, don akwai abokinsa da matarsa ta binne biyu, kuma ya riga ya yi masa magana da kansa. Na ce ya gaya masa muna nan tafe da zarar kaya sun samu. Kulu kuma saura wata uku. Ku sa ta a addu'a.